Ajinmu na son kafa mutum-mutumin giwan ruwa a jami'a: ya dace?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a wata jami'a a nan Kebbi, kuma ina cikin kwamitin da 'yan ajinmu suka naɗa don mu bar wa makaranta abin tunawa. Muna ganin bidiyon jami'o'in Amurka, kowace da mutum-mutumin dabbarta, ɗalibai suna ɗaukar hoto a wurin, wasu har shafa shi suke yi lokacin jarrabawa. Wasu a cikinmu sun ce mu sa a ƙera ƙaton giwan ruwa a kafa kusa da babbar ƙofa, wasu sun ce sam, wannan gunki ne. Gardama ta hana mu motsi. Mene ne asalin abin nan, kuma ya dace da mu?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi muku albarka da wannan niyya. Sana'ata koyar da zane da sassaƙa ce, kuma ka taɓo maganar da ta daɗe a raina, saboda haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Ba na ba ku shawarar ƙera giwan ruwan nan. Amma kuma ba na tare da wanda zai ce ku watsar da maganar, ku sayi kujerun roba ku miƙa wa sashe a wuce wurin. Abin da ya ja hankalinku a bidiyon nan abu ne na gaske, kuma makarantunmu suna da ƙishinsa: wuri guda a harabar makaranta wanda ɗalibin bana da na shekara 30 da suka wuce duk za su kira nasu. Sai dai wannan abin ba a jikin dabbar yake ba, kuma tarihin mutum-mutumin nasu da kansa ne zai nuna maka haka.

Asalin abin wasanni ne. Tun 1869, da Rutgers da Princeton suka buga wasan farko na ƙwallon ƙafa tsakanin jami'o'i biyu a Amurka, gasar makarantu ta zama babban al'amari a can, har ta kai yau filin wasan jami'a guda, kamar na Michigan ko na Penn State, yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Ƙungiyar da za ta fita gaban wannan taro tana bukatar suna da launi da abin da za a yi mata kirari da shi. A 1904 'yan wasan Penn State suka je Princeton, aka nuna musu damisar da masu masaukin ke alfahari da ita. Wani ɗalibi mai suna Joe Mason ya ce ai su ma suna da zakin dutsen Nittany, wanda ya fi kowace damisa. A lokacin makarantarsu ba ta da wata dabbar alama, a nan take ya ƙago ta. Sai bayan shekara 38, a 1942, aka buɗe mutum-mutumin zakin, wanda masassaƙi Heinz Warneke ya fitar daga curin dutse mai nauyin tan 13, da kuɗin da 'yan ajin 1940 suka bayar. Ka lura da jerin: kirari ya riga dutse da kusan shekara 40.

Wanda na fi son ka sani shi ne kunkurun Jami'ar Maryland, da suke kira Testudo, domin ina kyautata zaton irinsa kuka gani ana shafawa. Kocin makarantar, Curley Byrd, mutumin wani gari ne na bakin ruwa da ya shahara da wani irin kunkurun ruwa, shi ya kawo shawara a 1932 a ɗauki wannan dabba. 'Yan ajin 1933, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, suka yanke shawarar su bar wa makaranta siffarsa ta tagulla. Kuɗi ba su isa ba, sai suka fasa yin liyafar kammala karatunsu a otal mai tsada, suka yi ta a cikin makaranta, suka tara rarar. Aka ɗauki kunkuru mai rai a jirgin ƙasa zuwa garin Providence don maƙerin ya gan shi da idonsa. Ranar buɗewa, wannan kunkurun aka ɗaura wa zare, ya yi tafiyarsa a hankali ya janye mayafin.

Nauyinsa a lokacin kamar kilo 136 ne, wato samari kaɗan za su iya ɗagawa, kuma sun ɗaga. Ɗaliban makarantun hamayya suka riƙa shafe shi da fenti, suna sace shi. A 1947 'yan Jami'ar Johns Hopkins suka yi gaba da shi zuwa Baltimore, 'yan Maryland suka bi su don ƙwato kayansu, aka yi dauki ba daɗi har sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Daga baya hukumar makaranta ta cika cikinsa da siminti sama da kilo 300 don kada ya sake ɗaguwa. A 1965 aka kai shi gaban babban laburare, inda yake har yau, kuma daga nan ne rayuwarsa ta canja, domin ya bar gefen filin wasa ya dawo kan hanyar da kowane ɗalibi ke bi safe da yamma. Jikinsa duk ya yi duhu irin na tsohuwar tagulla, hancin kaɗai ke ƙyalli saboda hannuwa. Ajiye masa abinci da kayan sha da tarkace a makon jarrabawa kuwa sabon abu ne, wajen shekarun 1990 ya fara, kuma a 2013 har wuta ta tashi a cikin tarin kayan.

To, me ya sa wannan ƙarfe ya shiga ran mutane haka? Ɗalibai ne suka biya kuɗinsa da abin da suka hana bakinsu. An ajiye shi ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa, a hanyar da ba a kauce mata. Akwai abokan hamayya da suka so raba su da shi, kuma abin da aka taɓa yi wa faɗa ba ya zama banza. Sannan shekaru sun bi ta kansa. Babu wani kwamiti a 1933 da ya zauna ya rubuta cewa za a riƙa shafa hanci. Haka labarin yake a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda sojan tagullar da aka kafa a 1930 ake naɗe shi da salatif ana gadinsa dare da rana duk makon da za su kara da maƙwabtansu na UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, don gudun fenti. Da a ce waɗancan ba sa zuwa da fenti, da ba wanda zai kwana a gindinsa. A Harvard ma, mutum-mutumin John Harvard da baƙi ke shafa wa takalmi ba fuskarsa ba ce, don ba a san kamanninsa ba, wani ɗalibi aka zaunar a 1884 aka kwaikwaya. Rubutun jikinsa ya ce shi ya kafa makarantar a 1638, alhali an kafa ta a 1636, shi dukiya da littattafai ya bar mata. Kowa ya san haka, kuma bai rage masa jama'a ba.

Yanzu mu dawo gida. Ɗaukar dabba a matsayin alama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Saurari makaɗan fada na ƙasar Zamfara da Kabi, za ka ji toron giwa da zaki da bajimi da ɓauna, duk a kan mutum guda. Tambarin Najeriya na ɗauke da dawaki biyu da mikiya. Ɗaliban Jami'ar Nsukka zakuna suke kiran kansu. Idan 'yan ƙwallon makarantarku suka kira kansu giwayen ruwa, suka yi wa kansu take da kirari a kan haka, ba na zaton za a sami mai ja. Dabbobinmu a baki suke zaune, a waƙa da kirari. Inda hanya ta rabu shi ne wurin zuba su a siminti ko tagulla a tsayar a bainar jama'a.

'Yan'uwanka da suka ce a'a ba taurin kai suke yi ba, kuma ina roƙon masu son kifin su daina kallonsu a matsayin waɗanda ba su waye ba. Abin da ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu shi ne, siffar abu mai rai, mutum ko dabba, idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, yin ta haramun ne. An sassauta a kan 'yar tsanar yara mata, kuma hukuncin zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai kai wannan tsanani ba. Giwan ruwa na siminti, da kansa da jelarsa, ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. A cikin Bukhari, wani mai sana'ar yin siffofi ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan yake ci, sai ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in dole ne ya yi, to ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ni da nake koyar da wannan sana'a, wannan hadisi bai taɓa zame mini ƙunci ba. Fili ne mai faɗi aka bar mana, kuma daga cikinsa zanen dagi da adon soraye da zayyanar Alƙur'ani suka fito.

Maganar shafawa don neman sa'a ta fi ta siffar nauyi. Ɗalibin Maryland zai ce maka wasa ne, kuma na yarda yawancinsu wasa suke yi. Amma mu mun san labarin Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra da aka ambata a Suratu Nuhu, waɗanda Ibn Abbas ya ce mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa, sai da masu kafawar suka shuɗe, ilimi ya gushe, aka koma bauta musu. Mun san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar wa waɗanda suka roƙi a sanya musu itaciyar rataye makamai irin ta mushirikai a hanyar Hunaini. Kuma a wannan ƙasa tamu, rubuce-rubucen Shehu Usmanu cike suke da hani ga masu kai yanka da sadaka gindin itatuwa da duwatsu. Ka tuna kunkurun can ya yi kusan shekara 60 kafin a fara ajiye masa kaya. Ku da kuka kafa kun san nufinku, amma ba ku da iko da abin da ɗalibar da ta firgita da jarrabawa za ta yi a gabansa a shekarar 2070. Mai kafa abu a bainar jama'a dole ya yi tunanin waɗanda ba a haifa ba.

Ko da mun ajiye fiƙihu gefe, akwai lissafi mai sauƙi. Alamar makaranta aikinta haɗa kai. Idan tun a kwamiti ta raba ku biyu, a harabar makaranta za ta raba dubbai, kuma kowace shekara sai an sake gardamar da sababbin ɗalibai. Wata rana wani zai zo da guduma cikin dare, washegari a ce rikicin addini ne, alhali ku alheri kuka nufa. Mutum-mutumin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, ya tsaya a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu tun 1934, ɗalibai suka tilasta aka cire shi a Afrilun 2015. Na Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, a Jami'ar Ghana an kafa shi a 2016, bai wuce 2018 ba, saboda malamai da ɗalibai sun ƙi shi. Dalilansu daban ne da naku, na mulkin mallaka da wariyar launi ne, amma duka biyun sun nuna cewa ƙarfin hukuma ba ya riƙe abin da mutanen wurin ba su karɓa ba.

Sannan giwan ruwa na wa ne? Na Kabawan Argungu ne, kuma sun cancanci alfahari da shi. Amma Kebbi masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Ɗalibar da ta zo daga Zuru ko Danko Wasagu, wataƙila Kirista ce, me kifin ke faɗa mata? Balle wanda ya zo daga Kwara ko Binuwai. Wannan ma abin dubawa ne.

Ga abin da bidiyon ba su cika nunawa ba: wasu daga cikin alamun da suka fi daraja a jami'o'in can ba su da rai ko kaɗan. Jami'o'in Michigan da Minnesota sun fi shekara 100 suna fafatawa a kan tulu. Tulun yumɓu ne na ruwan sha da 'yan Michigan suka saya da 'yan kwabbai a 1903, suka bar shi a Minnesota bayan wasan da aka tashi 6 da 6. Da suka nemi a maido musu, aka ce su zo su ci shi a fili. Tun 1909 wanda ya yi nasara shi ke tafiya da shi, kuma ana rubuta sakamakon wasannin a jikinsa. Tsakanin Kudancin Kalifoniya da UCLA ƙararrawar tsohon jirgin ƙasa ce. A Jami'ar Auburn itatuwa biyu ne a bakin makaranta, nan jama'a ke taruwa duk ranar nasara, kuma da wani mai goyon bayan abokan hamayya ya zuba musu guba a 2010, har aka sare su a 2013, gari ya yi jimami sosai, aka sake dasa wasu a gurbinsu. Manyan jami'o'in Arewa ma wannan hanya suka bi tun farko: tambarin ABU Zariya siffar allo ce, na Bayero wata da tauraro da ayar Alƙur'ani, taken Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa kalma ɗaya ce, Iƙra.

Kai da ke Kebbi ma ba ka bukatar zuwa Amurka don ganin yadda al'ada ke kafuwa. Bikin kamun kifi na Argungu a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Abin da ya raya shi har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016 shi ne an ware wuri, kogin Matan Fada, an hana kamun kifi a cikinsa sai ranar, akwai Sarkin Ruwa da ke da alhakinsa, kuma idan an ba da alama dubban mutane su faɗa ruwa da homa da gora a lokaci guda. Wuri, da rana, da mai kula, da aikin da kowa ke sa hannu. Waɗannan ne ya kamata kwamitinku ya zauna a kansu, kafin maganar me za a ƙera.

Da ni ne a kujerarka, ga abin da zan kai gaban 'yan aji. Ku nemi fili ƙarami a kan hanyar da ke tsakanin ɗakunan kwana da laburare ko manyan ajujuwa. Ku manta da babbar ƙofa. Abin da ke bakin ƙofa ko tsakiyar shataletale na masu mota ne, ɗalibi ba ya zama a wurin, kuma abin da ba a zama kusa da shi ba ya tara labari. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, abin da ke tara mutane inuwa ce. Ku dasa maɗaci a tsakiya. Darbejiya ta fi saurin girma, kuna iya sa biyu a gefe don a sami inuwa da wuri, amma maɗaci ya fi kwarjini da tsawon rai. Tsamiya da kuka kyawawan itatuwa ne, sai dai kun san camfin da mutanenmu ke rataya musu, kada ku gudu daga wata matsala ku faɗa irinta. Ku kewaye itacen da dakali mai faɗi, a bar masa sarari isasshe don saiwa, tsayinsa daidai zama, a lulluɓe shi da dutse na gaske daga duwatsun ƙasar Zuru. Dutsen da ake zama a kai ana cin gyaɗa ba mai kai masa sadaka.

A bayan dakalin ku tsayar da gajeriyar katanga mai fuska huɗu ko allon ƙarfe mai kauri, a yanka siffofi a jiki: allo da alƙalami don Gwandu, garin Malam Abdullahi Fodiyo, gora da homa don Argungu, jirgi da filafili don Yawuri, garma don manoman Zuru. In kun ga hakan ya yi yawa, damin shinkafa shi kaɗai ya isa, domin daga Argungu zuwa Suru zuwa Yawuri ba wanda zai ce ba nasa ba ne. Abu mafi muhimmanci a jikin katangar shi ne filin da za ku bari babu komai. Ku manna ƙaramin faranti ɗaya mai ɗauke da shekararku, ku bar gurbin wasu 40 ko 50 a jere. Ajin da ke bayanku idan ya ga gurbi a buɗe kusa da naku, ba sai an roƙe shi ba.

Bari in yi maganar kayan aiki, don nan ne kuɗin ɗalibai ke yawan salwanta. Masu kwangila za su kawo muku faiba saboda arha da sauƙin ɗauka. A ranarmu faiba tana koɗewa ta tsattsage cikin 'yan shekaru. Siminti da rodi yana daɗewa in an yi shi da kyau, amma in simintin da ya rufe rodin bai yi kauri ba, ruwan damina ya shiga, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa shi daga ciki. Kun sha ganin irin wannan a shataletalen garuruwa, hannu ya ɓalle, ƙarfe ya leƙo. Fenti mai ƙyalli kuwa hunturu biyu ya ishe shi. Ku zaɓi abin da launinsa na jikinsa ne, dutse ko jan bulo ko ƙarfe mai kauri da aka yi wa maganin tsatsa, kuma kada a sa ƙarfe inda za a zauna ko a jingina, don da rana ba ya taɓuwa. Tagulla ta fi komai kyau da daɗewa, amma tana da tsada kuma 'yan jari-bola sun san darajarta, saboda haka farantan shekara a yi su da dutse a sassaƙa rubutun. In makarantarku tana da sashen gine-gine ko injiniya, ku ba ɗalibansu zanen su yi gasa a kai. Aikin da ɗan aji ya zana ya fi wanda aka sayo shiga rai, kuma masu walda da magina na Birnin Kebbi da Jega za su iya fitar da shi in an ba su zane mai ma'auni.

Kuɗi kuma a buɗe musu asusu mai sa hannun mutum uku, ɗaya malami, a riƙa liƙa lissafi inda kowa zai gani. Ku ware kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuka tara don ban ruwa da kariya. Dashe yana bukatar raga saboda awaki, da mai ba shi ruwa rani biyu a jere, kuma lokacin dasa shi farkon damina ne, Yuni zuwa Yuli, ko da bai zo daidai da ranar bikinku ba.

Sai babban aikin, wato abin da za a riƙa yi a wurin. Ba za ku iya ƙirƙirar al'ada da takarda ba, amma kuna iya shuka abu biyu ku bar wa shekaru sauran. Na farko, ranar rantsar da sababbin ɗalibai, 'yan ajin ƙarshe su tarbe su a gindin itacen, kowa ya miƙa wa sabon ɗalibin sashensa littafi ɗaya ko takardun darasin da ya gama da su, da sunansa da shekararsa a bangon. A makarantar da ɗalibai da yawa ke zuwa daga gidajen da kuɗin littafi ke da wuya, wannan taimako ne na gaske, kuma littafin da ya bi hannu biyar yana ɗauke da sunaye biyar. Na biyu, ranar jarrabawar ƙarshe, a nan za a manna farantin shekara, a yi addu'a, Musulmi da Kirista kowa ta hanyarsa, a yafi juna, a ɗauki hoto. Kuna da al'adar fararen riguna da rubutun maka a wannan rana, wadda wasu makarantu suka hana saboda tseren motoci da wuce gona da iri. Ina ganin rashin wurin zuwa da abin yi na cikin abin da ke lalata ranar. Murnar gama karatu hakkinku ce, ku ba ta masauki.

Game da hamayya, ita ce gishirin abin, kuma kuna da abokanta a kusa: Birnin Kebbi da Aliero, ko Kebbi da Gusau, ko Sakkwato. Ku samo babbar gora irin ta masunta, dukawa su lulluɓe ta da jar fata, a riƙa karawa a kanta shekara-shekara a ƙwallo ko muhawara ko kacici-kacici, wanda ya ci ya tafi da ita, a rubuta shekara da sakamako a jikin fatar. Kada ku ce za ku yi tambari, wannan kayan sarauta ne, yana da masu shi. Abin da ban so ku kwaso daga Amurka shi ne sata da fenti da gadin dare. A can ma abin ya sha kai wa ga asara, kuma a 1999 mutum 12 suka mutu a Jami'ar Texas A&M lokacin da tarin gungumen da suke haɗawa don wutar al'ada kafin wasan hamayya ya rufta. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, samari su yi ayari cikin dare zuwa wata makaranta da sunan wasa abu ne da ba zan yarda ɗana ya shiga ba. Gorar ta canja hannu a fili, da rana, gaban shugabannin makarantun biyu.

Kafin ku karɓi ko naira ɗaya daga hannun kowa, ku rubuta wa shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, ku kuma je ofishin tsare-tsaren gine-gine ku roƙi a nuna muku taswirar makaranta. Jami'o'inmu sababbi ne, ta Aliero 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi da ta Gusau 2013, kuma yawancin filin da kuke gani fayau an riga an zana masa gini a takarda. Ku tabbatar wurin da kuka zaɓa ba a kan hanyar wani ɗakin taro ko bututun ruwa yake ba, ku karɓi amincewar a rubuce, ku ba shugabannin ajin da ke bin ku kwafi tare da makullin ragar da lambar asusun.